Inda Kurciya Ta Sa Gaba

Jiya na ga kurciya ta sauka kan rumbunmu a Kornaka, sai na tuna kakata. Ba ta fara shiƙar hatsi sai ta kalli tsuntsu. Takan ce iska tsuntsu yake fuskanta in zai sauka, ya baza wutsiya ya rage gudu, daga nan take sanin inda ƙaiƙayi zai bi.

Shekarar da idonta ya mutu, ta tsaya a masussuka da ƙwarya, iska na ta juyawa.

"Ke, ina kurciya ta sa gaba?"

Ban taɓa lura ba, na dai ce gabas. Ƙaiƙayi ya cika mata fuska. Ta tofar tana dariya: "Ja'ira, ashe makafi biyu ne."

Tun ranar nake lura. Allah Ya haskaka kabarinta.