Kwana Biyu a Hartum da Na Hana Wani Dattijo

Ku da kuke sayar da tikiti yanzu, bari in ba ku labarin ranar da har yau ta ƙi fita daga raina. Lokacin Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, ni kuma ina ƙaramin akawu a kantar tikiti ta filin jirgi, nan Jimeta.

Tikiti a zamanin ɗan littafi ne da muke rubutawa da hannu, kowane zango da takardarsa. Mai zuwa Jidda kai tsaye takarda biyu gare shi: Yola zuwa Kano, Kano zuwa Jidda. Mai son ya yada zango a hanya kuwa sai an ƙara masa takarda, kuma sai manaja ya sa hannu. Dalili shi ne, an sha samun masu sauka a hanya su ɓace, ko su sauke kayan da kwastan bai gani ba. In haka ta faru, wanda ya rubuta tikitin ake fara nema. Ni kuwa ga tsoron takardar tuhuma, ga iyayi. Kowa ya tsaya gabana kallon ɗan fasa-ƙwauri nake masa.

Wata Talata da hantsi sai ga wani dattijo daga cikin garin Yola, Bafulatani, siriri, da rawani fari. Kowa Bappa yake ce masa. Ba ya cikin ayarin alhazai, da kansa zai tafi. Ya ce yana son Jidda, amma a sauke shi Hartum ya kwana biyu.

Na ce, "Bappa, ga hanya miƙaƙƙiya, me zai kai ka wahalar sauka da hawa?"

Ya ce, "Akwai wani mutum a can."

"Wane ne shi?"

"Wani ne."

"To, sunansa?"

Sai ya sunkuyar da kai. Na hango bakin wata wasiƙa a aljihunsa, na ce ya miƙo in duba. Ya dafe aljihun ya ce, "Yaro, wannan ba na ofis ba ne." Kai! Nan take na ce a raina yau na kama babban kifi. Dattijo da furfura, yana ɓoye suna, yana ɓoye takarda, kuma ya ƙi hanya mai sauƙi?

Malam Buba, mai awon kaya, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya matso ya ce a hankali, "Akawu, rubuta masa kawai." Maimakon in saurara, sai na haɗa da shi. Na ce, "Au, har da kai a ciki? Me aka yi maka alkawari?" Ya dube ni, ya koma wajen sikelinsa.

Na shiga wajen manaja na ce fasinja ya ƙi bayyana dalilin sauka. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "A ba shi kai tsaye, zuwa da dawowa, ko ya haƙura." Na fito ina jin kaina. Bappa ya karɓi tikitin da hannu biyu, har da yi mini godiya.

Sai da jirginsa ya tashi da kwana uku, na je ina wa Malam Buba burgar yadda na toshe wata ɓaraka. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Kai ɗan Jimeta ne, amma ba ka san mu ba. Bafulatani yana faɗin sunan ɗansa na fari? Ko cewa yana marmarinsa?" Ashe, in ji Malam Buba, Bappa yana matashi ya tafi Makka a ƙasa da matarsa da ɗansu na goye. Matar ta rasu a Sudan, ya bar yaron hannun dangi a can, ya dawo shi kaɗai. Wasiƙar nan ita ce labarin farko da ya samu cewa ɗan yana raye, har ya tara iyali a Hartum.

Na ce, "Don Allah me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "A gabansa? In tsiraita dattijo a bainar jama'a? Ai ka riga ka mai da ni ɓarawo."

Na roƙi manaja aka buga waya Jidda a gyara masa hanyar dawowa, amma a cikin taron alhazai wa zai nemo mutum ɗaya? Saƙon bai same shi ba.

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe: duk wanda ya bar gajeriyar hanya ya zaɓi doguwa yana da dalili, kuma ba kowane dalili ne baki ke iya faɗa a gaban kanta ba. Ku ja mutum gefe, ku tambayi wanda ya san mutanensa.

Da Bappa ya dawo, da ƙafarsa ya tako har kantata ya gaishe ni. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Bappa, yaya hanya?"

Ya ce, "Lafiya lau, yaro. Da muna sama, mai tuƙi ya ce ga Hartum nan a ƙasa. Wani ya ba ni wajen taga, na leƙa."

Bai sake tafiya ba har Allah ya karɓi abinsa.