Kwalbar Baffa Mai Lamba Talatin da Biyar

Jiya jikata tana haddar sinadarai, na ji ta ce, "Talatin da biyar, buromin." Nan take na tuna Baffa.

Malamin kimiyya ne, yakan zo hutu Kiru da akwatin kwalabensa. Da gara ta cinye takardun sunayen, sai ya rubuta wa kowace kwalba lambar sinadarinta da farin fenti. Yakan ce, "Launi yana ruɗi, amma ba sinadarai biyu masu lamba ɗaya."

Wata damina, kafin 'yancin kai, fartanya ta sare mijina a ƙafa. Na ruga ɗakin Baffa neman aidin na wanke rauni, na fizgo wata kwalba mai jan ruwa. Na fara murɗa murfin ke nan, wari ya shaƙe ni, Baffa ya damƙe hannuna.

"Tsaya, 'yata! Lamba nawa?"

"Talatin da biyar, Baffa."

"Wannan nama yake ci. Aidin hamsin da uku ne."

Ya karɓe ta, ya miƙo mini ta aidin. Har yau ba na buɗe magani sai na duba sau biyu.

Allah ya haskaka kabarin Baffa, ya raba jikata da gaggawa irin tawa.