Hotunan Rijiyar Baffa

Ba don ka ji tausayina na rubuta wannan ba. Kai matashin da kake karantawa da waya a hannu, na san irinka, domin da can ni ma irinka ne. Ina ganin duk wanda bai iya latsa waya ba baƙauye ne, kuma cutarsa ba laifi ba ce. Ka karanta ka gama, in ya so ka zage ni. Waɗanda suka fi ka daraja sun riga ka.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Tsanyawa da Shanono. Ba zan faɗi sunansa ba, na riga na jawo masa isasshen abin kunya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙaninsa Baffa Sale ne ya riƙe ni. Shi ne ladanin masallacinmu, kuma manomi ne mai gona biyu, ɗaya ta gero ɗaya ta gyaɗa. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma da gyaɗarsa na gama sakandare. Da na gama, ya sayar da tunkiya ya kafa mini rumfar cajin waya mai sola a bakin hanya. Ina caji, ina tura wa mutane karatu da waƙa, ina ɗaukar hoton fasfo. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa wuni da yunwa ba. Ka riƙe wannan, don kada ka ce talauci ne ya sa ni.

Akwai wata ƙungiya a Kano da take karɓar gudummawar mutanen da suke son a haƙa rijiya a ƙauye, sadaka mai gudana ga iyayensu da suka rasu. Idan an gama sai a kafa allo da sunan mamacin, a ɗauki hotuna a aika wa masu sadakar. Rijiyarsu ta farko a yankinmu a ƙofar gidan Baffa aka haƙa ta, gefen masallaci. Ta gaskiya ce, da ruwanta mai sanyi, har yau ana sha.

Ranar da aka buɗe ta, wakilin ƙungiyar ya shigo rumfata yana gumi. Ya ce masu sadakar ta imel suke son hotunan, don ta can hoto yake zuwa tangaran, ga shi tun hantsi yake tura su ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya tafi biyu su maƙale. Na karɓi wayar. Na nuna masa yadda ake danne hoto ɗaya, a bi sauran a zaɓe su, a rage musu nauyi, a liƙa su duka a saƙo ɗaya. Kafin ya shanye ruwan leda hotuna ashirin sun tafi.

"Kai ai kai ne mutumin da muke nema," in ji shi. "Me zai sa na riƙa shan wannan hanya daga Kano?"

A haka na zama wakilinsu na yankinmu. Su turo suna da kuɗin aiki, ni na nemo masu haƙa, na sa a rubuta allo, na aika hotuna. Babu mai zuwa ya duba, hoton ne shaida.

Rijiya biyu na haƙa tsakani da Allah. A ta uku masu haƙa suka tarar da dutse, suka ce sai an sake wuri. Daga Kano kuma aka dame ni da waya, wai iyalan mamacin suna son ganin hotuna kafin azumi. Allon yana rumfata, fentinsa ya bushe. Na ce wa zuciyata bari na kafa shi a rijiyar Baffa na ɗauki hoto, bayan salla a haƙa tasu, ai duk ɗaya ne. Na aika. Amsa ta zo da addu'a mai tsawo, har da cewa Allah ya yi wa zuriyata albarka. Na jira a ce an gane, ba a gane ba. Bayan salla na sayi babur, ita kuma rijiyar har yau ba a haƙa ta ba.

Daga nan abin ya zama sana'a. Na riƙa sauya wa bakin rijiyar fenti, yau kore, wani watan shuɗi. Na riƙa sauya guga. Wani hoton na ɗauka daga gabas don kada masallaci ya fito, wani na durƙusa don kada bishiyar ɗorawa ta shiga. Na kuma lura masu sadaka ba abin da yake taɓa musu zuciya kamar su ga dattijo ya ɗaga hannu yana addu'a a gefen allon. Dattijon da yake kusa da ni, wanda ba zai taɓa zargina ba, shi ne Baffa.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata. Ya ce, "Wai waɗannan allunan da kake ta kafawa kana cirewa fa?"

Na ce, "Baffa, 'yan'uwan mai rijiyar ne da suka rasu. So yake kowanne ya sami addu'a a wurin."

Ya ce, "Allah sarki. To karanta mini sunan."

Na karanta masa. Ya gyara hularsa ya ɗaga hannu, ya yi addu'a ta gaske, ni kuma ina ce masa ya ɗan juyo ta wajen haske. Ko kwabo bai taɓa gani ba. Na taɓa sayo masa shadda, ya ce na mayar na ƙara jari. A wannan lokacin matan wata unguwa da ke bayan gonakinmu daga kududdufi suke ɗebo ruwa, su da shanu, alhali a imel ɗina an haƙa musu rijiya har sau biyu.

Sai aka turo mini aikin wata ma'aikaciyar asibiti a Kano, Hajiya Binta, wadda take son rijiya da sunan mahaifiyarta. Ita ba irin sauran ba ce, ta karɓi lambata tana kirana da kanta. Ta ce, "Ɗana, kada ka yi mini rowar hoto. Ka turo da yawa, ina so na aika wa ƙannena su gani." Na ce an gama, Hajiya.

A satin alluna huɗu ne a hannuna, ragwanci ya sa na ɗauke su duka a safiya ɗaya, ban ko sauya fenti ba. Ranar kasuwar Tsanyawa ce, can kuma sabis ya fi ƙarfi, don haka na bari sai na je. Ina tsaye a tasha Hajiya ta sake kira, direban bas ɗinmu yana ta danna hon, wani yana jan hannuna a kan cinikin batir. Na danne hoton farko, na ja yatsa ƙasa yadda na saba, na rage nauyi, na aika. Ban duba ba. Ni da nake yi wa mutane dariya don ba su iya ba, ban tsaya na ƙirga abin da na zaɓa ba.

Duk hotunan safiyar suka tafi a saƙo ɗaya. Rijiya ɗaya, guga ɗaya, tsagar siminti ɗaya, dattijo ɗaya da hula ɗaya, sunayen mamata huɗu. Har da wani hoto da na ɗauka bisa kuskure, inda sauran allunan suke jingine a jikin katangar masallaci suna jiran layi. Ita kuma Hajiya ba ta buɗe ba sai da ta tura wa ƙannenta.

Bayan kwana biyu na fita sayen fenti, sai aka kira ni aka ce motoci biyu sun shigo gari da 'yan sanda, suna nuna hoto a waya suna tambayar wannan tsohon. Mai ɗaukar hoto ai ba ya fitowa a hoto. Fuskar Baffa ce a kowanne. A bakin rijiyar suka same shi yana alwalar azahar, suka sa shi a mota a gaban jama'a. An ce Hajiya Binta tana kuka tana ce masa, "Baba, da furfurarka? Da hannun da ka ci haƙƙin uwata kake ɗaga wa Allah?" Shi kuma yana ta waige yana cewa a kira ɗansa, shi zai yi bayani.

Ni kuwa ɗan nasa na kashe waya na hau motar Kano. Kwana tara na yi a ɓoye a ɗakin wani abokina, ina ci ina sha, na san sarai inda Baffa yake kwana. A rana ta goma aka kama ni a tasha.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi muni, kuma shi ne wanda masu ba da labarina suke tsallakewa. Da aka zaunar da ni a ofishin 'yan sanda ana rubuta jawabina, tsoro ya kama ni. Na yi tunanin tsoho ne, ba za a tsananta masa ba, idan muka raba laifin zai yi mini sauƙi. Na ce Baffa ya sani. Na ce tare muke rabawa. Aka shigo da shi, aka karanta masa a gabana. Ya dube ni kawai, sannan ya tambayi ɗan sandan ko akwai inda zai yi salla.

Kotu ba ta sami hujja a kansa ba, ta sallame shi. Ni aka yanke mini shekara uku. Amma maganata ta riga shi isa gida.

Ba zan ɓata maka lokaci da labarin gidan yari ba. Akwai kwarkwata, akwai gabza, tuwon 'yan kaso, akwai mutanen da suka fi ni mugunta da waɗanda ban kai su kirki ba. Shekarar farko ban tuba ba, haushin yatsana kawai nake ji. Sai ranar da aka ce ina da baƙuwa, na fito na tarar da Inna Kande, matar Baffa, wadda ta goya ni. Hannunta babu komai.

Ta ce, "Ba gaishe ka na zo yi ba. Zuwa na yi na ga ko ka rame, na ga kuma ba ka rame ba."

Ta gaya mini an karɓe ladanci daga hannun Baffa, don mutane sun ce ba za su amsa kiran sallar wanda ya ci sadakar matattu ba. Ta ce yanzu sai an tayar da iƙama yake shiga, ya tsaya a sahun ƙarshe. An daina kiransa raba gardama, an daina ba shi ajiya, idan aka yi rasuwa ba a sa shi a wanka. Ta ce, "Shekara talatin yana tashin garin nan da asuba. Kai kuma da baki ɗaya ka gama da shi." Ta juya ta tafi ba sallama. Ranar na yi kukan da ban yi ba a kotu, kuma daga ranar na fara roƙon Allah gafara da gaske.

Da aka sake ni, Juma'ar farko na miƙe bayan an idar da salla. Na ce jama'a ku saurare ni. Na rantse da Allah cewa Baffa bai san komai ba, ban taɓa ba shi komai ba, ƙarya na yi masa na kuma yi a kansa. Na zaci za a yi salati a rungume shi. Mutane suka ci gaba da neman takalmansu. Wani daga baya ya ce, "Da ka ce ya sani, yanzu ka ce bai sani ba. Wacce za mu ɗauka?" Wani ya ce, "Ai dole ya wanke shi, yana son wurin kwana." Na je wurin mai unguwa, na je wurin liman, na sake miƙewa Juma'a ta biyu da ta uku. Ni kaɗai ne shaidar Baffa a duniya, ni kuma babu mai karɓar shaidata.

Yanzu leburanci nake yi wa masu haƙa rijiya, ina jan ƙasa da igiya. Abin da yake ƙona mini rai shi ne samarin da suke zagayowa suna yi mini kallon gwani. Wani har ya ce mini, "Yaya, ai da ka duba kafin ka tura da yanzu kana da mota." Na kusa marinsa. In kai ma darasin da ka ɗauka ke nan, cewa a riƙa duba hoto kafin a aika, to ka fi ni lalacewa, kuma ina yi maka albishir da ɗakin da na bari. Kada ka fara, ko da sunan za ka gyara daga baya, don ni ma da haka na fara. Kada ka ari fuskar wanda ya yarda da kai ka yi ƙarya da ita. Ɗauri yana ƙarewa, nawa ya ƙare, amma abin da na ɗora wa mutumin da ya raine ni bai sauka ba.

Bayan Juma'a ta uku Baffa ya aiko a kira ni. Shi ne karo na farko da ya yi mini magana tun ranar da aka kama shi. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa, na durƙusa na fara kuka ina neman gafara. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Tsakanina da kai na yafe, don ina son Allah ya yafe mini. Amma ina roƙonka abu ɗaya. Ka daina tashi a masallaci kana rantsuwa a kaina. Da mutane sun fara mantawa. Duk ranar da ka rantse ban ci ba, sai su ƙara yarda na ci."

Na ce to, Baffa. Tun daga ranar nake shiru, shi kuma yana nan a sahun ƙarshe.