Waƙar Kaka a Motar Bature

Saura ƙiris in daki bayan wata tirela a hanyar tashar jiragen ruwa, ranar da tsohon Baturen da nake tuƙawa ya saka faifai a mota. Ganga da jita, wani ƙato yana ihu da Turanci. Amma kiɗan na san shi. Waƙar Kakata ce.

Bari ka ji. A unguwar Ruwais aka haife ni, nan bakin teku a ƙasar Larabawa, a gidan katako da kwano, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kaka ce ta zo Hajji da iyayenta tun tana yarinya, suka zauna. Lokacin zafi, in iskar teku ta manna wa mutum riga a jiki, takan zauna bakin ƙofa tana suyar gyaɗar sayarwa, ga hayaƙi ga ƙarnin kifi, ta ɗora ni a cinya tana rerawa: "Yi shiru ɗan tafiya, gida na can bayan ruwa." Ba mu da gona, ba hoto, ko iƙama, takardar izinin zama, ba mu da ita a lokacin. Waƙar nan ita ce garinmu. Na rera wa 'ya'yana, na ce musu ta kakanni ce.

Na gangara gefen titi na tsaya. Baturen, da guntun Larabcinsa, ya ce ai ta ƙasarsu ce, tun yana saurayi. Wai ita ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin Ingila, ta daɗe babu wadda ta ture ta, har 'yan mata na suma a kanta. Na ce sata suka yi. Ya nuna min hoton wasu samari masu gashi har kafaɗa.

Da la'asar na nufi unguwar Aziziyya wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage. Ta yi dariya har da tari.

"Kai dai sakarai ne. Ubanka yana dako a tasha, ya samo faifan wurin wani ma'aikacin jirgi. Kullum sai ya kunna. Inna, kakar taka, ta ce kiɗan shaiɗan ne, ta sa taɓarya ta fasa shi."

"To ya aka yi ta rera min?"

"Faifan ta fasa, kiɗan ya riga ya shige kanta. Ka cika kuka, ta rasa abin rarrashi, ta sa masa nata kalmomin."

"Ta garinmu fa, Goggo?"

"Wace? Ta manta tun kafin a haife mu. Halas, shi ke nan."

Yanzu an rushe Ruwais, benaye ne a wurin. 'Yata ta haihu bara. Hausarta ba ta cika cokali ba, amma waƙar ta riƙe ta kam. Ranar suna na ji tana rera wa jaririn, ta ce wa mijinta da Larabci wai ta ƙasarmu ce. Sai ta juyo ta dube ni, in tabbatar.

Na ce, "Ta Kaka ce."

Ban yi ƙarya ba.