Ƙafar Baba mai lafiya

Jiya ina dawowa daga coci na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗaki, ƙafarsa ta hagu tsundum cikin bokitin ruwan zafi. Mama ta sauke ruwan daga wuta ke nan, ta je ɗebo na sanyi ta sirka. Tururi na tashi, shi kuwa yana jin rediyo hankali kwance.

Tun da ya faɗo daga tsani a gidanmu na Unguwar Boro ya bugu a baya, ƙafar dama ce ta raunana, ita muke gasa masa kullum. Ta hagu garau take takawa, shi ya sa ya fara gwada ruwan da ita.

Na ce, "Baba, tafasasshe ne fa!"

Ya yi murmushi. "Haba Rifkatu, ai ya huce. Ina jin yana taɓa ni, amma ba zafi ko kaɗan."

Da na fizgo ƙafar, fatar har ta yi bororo, shi kuwa ko gezau. Nan take muka kai shi asibiti.

A asibiti likita ta ce saƙon taɓawa da na zafi ba hanya ɗaya suke bi cikin lakar gadon baya zuwa ƙwaƙwalwa ba. Na zafi daga ƙafar hagu yakan tsallaka gefen dama na lakar, can inda Baba ya ji rauni. Ƙafar na ƙonewa, labarin bai kai gare shi ba.

Wata uku muna lallaɓa mai ɗingishi, ba mu taɓa duba wadda ta yi shiru ba. Ku fa, wa ya yi shiru a gidanku kuka ɗauka lafiya ce?