Gwangwanin da Rufus Ya Buɗe

Bernice Kumai ta daɗe tana ɗaukar hoto a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Mace ce mai fara'a da masu zuwa shagonta, amma kowa a layin ya san ba a ambaton sunan Rufus, wan mijinta, a gabanta.

'Yar ƙauyen Madakiya ce. Shagon asalinsa na mijinta ne, Leonard, ita kuma tana taya shi wanke hotuna a ɗakin duhu. A 1972 wata Baturiya ma'aikaciyar jinya da za ta koma ƙasarsu ta bar wa Leonard ƙaramar kyamarar silima, irin wadda ake murɗa mata wani kamar agogon bango. Leonard yana da rawar hannu, duk abin da ya ɗauka sai ya fito yana kaɗawa har mai kallo ya ji jiri. Ya miƙa wa matarsa, daga nan kyamarar ta zama tata a aikace.

Ba su da kayan aiki, sai ta shiga ƙerawa. Ta sa aka saro mata gora ta yi ƙafa uku, ta ɗaura tsohon cibin tayar keke a samansa don kyamarar ta riƙa juyawa sumul. Idan iska ta yi yawa sai ta rataya dutse cikin buhu a tsakanin ƙafafun. Ta riƙa tsintar takardar kwalin sigari mai ƙyalli a tasha, tana liƙawa da koko a jikin faifai, da shi take mayar da hasken rana kan fuskar mutum idan yana cikin inuwa. In za ta bi mai tafiya, sai ta zauna cikin baro, ta rage iskar tayar, Leonard ya tura ta a hankali. Mutanen kasuwa sun sha dariyar wannan. Fim kuwa a ƙarƙashin baƙin bargo take sa shi, tana laluba da yatsu, gumi na zubo mata. Ta gane cewa murɗa wani sau ɗaya yana kai tsawon baiti ɗaya na waƙar sujada, don haka tana ɗauka tana rerawa a ranta.

Abin da ta fi so ta ɗauka shi ne Iya, uwar mijinta. Tsohuwar ce ke ba da waƙa da harshensu na Jju idan mata suna tattake acca, kuma 'yan matan lokacin sun daina koyon waƙoƙin. Da kakar 1975 Bernice ta kwashe kayanta zuwa Madakiya, ta yi ta bin Iya daga masussuka zuwa dutsen niƙa. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, amma ta kama ƙafafun tsohuwar, da yadda take karkata kai in za ta ɗaga baiti, da dariyarta. Irin wannan fim ba ya wankuwa a shagonsu, sai an aika Ingila. Ta jera fayafayan fim ɗin cikin gwangwanin biskit, ta naɗe bakinsa da baƙin ƙyalle, suna jiran wani malamin makaranta da zai yi tafiya can.

Iya ta rasu kafin Kirsimeti. Ba a daɗe ba mota ta kife da Leonard a hanyar Kagoro.

Bayan jana'iza dangi suka zauna rabon kaya. Rufus, wanda akawu ne a Kaduna, shi ya jagoranci zaman. Ya ce matarsu, wato Bernice, ta riƙe shago don ta ciyar da yara, amma injin silima na gida ne, ba kayan mace ba ne. Bernice ta haɗiye wannan. Abu ɗaya ta roƙa, a gaban kowa, kada a taɓa gwangwanin, domin haske na shiga komai ya tafi. Rufus ya yi murmushi, ya ce ya ji.

Washegari da hantsi ta je kai wa wani hotunansa. Da ta dawo ta tarar da shi a tsakar gida, rana tsaka, fim a warware kewaye da ƙafafunsa kamar hanjin akuya. Ya buɗe na farko bai ga komai ba, sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen yana hannunsa, ya ɗaga shi sama yana ƙifta ido.

"Matarmu, ina Iya ɗin? Leonard ya ce mani tana ciki."

"Tana ciki, Baban Martina," in ji ta. "Yanzun nan ka kashe ta."

Ya ce ai bai sani ba. Ta ce ya sani, jiya ta faɗa masa, kawai dai bakin mace ne ya faɗa. Ta juya ta fizgi ƙafa ɗaya ta gorar nan, ta nufi babur ɗinsa da ke jingine a bakin ƙofa, ta farfasa fitilar da madubin, ta ci gaba da dukan tankin har gorar ta tsage. Maƙwabta ne suka riƙe ta.

Magana ta kai gaban dattawan ikkilisiya. Suka saurari kowa, suka ce abin da Rufus ya yi kuskure ne, abin da ita ta yi kuwa zunubi ne, sai ta durƙusa ta nemi gafararsa. Ta tambaye su ko shi zai nemi tata. Wani dattijo ya ce mata hoto ai hoto ne, Iya tana wurin Ubangiji. Bernice ta ɗauki gyalenta ta fita. Aka sa ta horo, aka hana ta cin jibin Ubangiji a coci. Duk Lahadi takan zo ta zauna a bencin baya, ta harɗe hannu, tana kallon dattawan ido cikin ido har a tashi. Su ne suka gaji, wani sabon fasto ya ɗage horon ba tare da ta nemi gafarar Rufus ba.

Rufus ya tafi da kyamarar Kaduna. Bai san yadda ake sa mata fim ba, bai kuma tambaya ba. Yaransa suka yi ta murɗa wanin suna jin ƙararsa har ya tsinke. Da labarin ya iso mata, Bernice ta rufe shago ranar, ta ƙi cin abinci.

A 1979 Martina, babbar 'yar Rufus, ta zo da kanta ta ce ba ta son kowa ya ɗauki hoton aurenta sai Mama Bernice. Ta amsa, domin yarinyar ba ta yi mata komai ba. Ta yi aikin da kyau, tun daga ƙofar coci har wurin rawa. Da hotunan suka fito, uban amarya ba ya cikin ko ɗaya. Inda ya tsaya kusa da 'yarsa, kafaɗar kwat ɗinsa kaɗai ta shiga. A hoton dangi kuwa ta jira sai da ya sunkuya ɗaukar hularsa sannan ta danna.

Martina ta duba su a shagon, ta sake dubawa, ta ce a hankali, "Mama, har yanzu?"

Bernice ta ce har yanzu. Ta sa hotunan cikin ambulan ta miƙa mata, ta kira wani soja da ke jiran hoton fasfo ya hau kujera.