Tseren Jiragen Kara a Hanyar Sandamu

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu muna samari, mun gama sakandare, karatu bai ci gaba ba. Gidan kallon da muke yin yamma a cikinsa ya rufe, sai ni da taubashina, ɗan kawuna, muka koma ƙera jirage. Jikin jirgin na karan dawa ne, fukafukan mu yi musu haƙarƙari da tsinken kaba mu lulluɓe da leda, farfela kuma mu sassaƙa ta daga icen rimi. Injin kuwa danƙo ne da muke yankowa daga tsohon tub na keke. Ka murɗa farfela da yatsa har danƙon ya ƙudundune, sannan ka saki.

Bayan girbi muke fita wata gona a hanyar Sandamu, inda akwai kuka a wannan gefe, gawo a wancan. Daga kukar ake saki. Maƙwabcinmu, malamin firamare, shi ke tsayawa a gindin gawon da agogonsa mai ƙirga daƙiƙa. Mutum ya ɗaga hannu ya saki, Malam ya danna, jirgi ya gifta gawon ya sake dannawa.

Nawa jirgin kyakkyawa ne. Na shafa masa koren fenti, na zana tagogi, har tayoyi na yi masa da tsohon silifa. Na taubashina tsirara yake, ledar ma ta burodi ce. Amma kullum nasa ke riga nawa, kuma idan Malam ya faɗi sakamako, taubashina ya juyo yana dariya.

"Ɗan mace, wannan amaryar taka ai sai dai a kai ta a mota."

Wasa ne na taubasai, dole in yi dariya. Amma in na koma gida tuwo ba ya shiga.

Na fara da zargin iska. Na ce shi ke fara saki lokacin da take kaɗawa ta bayanmu, kafin a zo kaina ta kwanta. Malam ya ce magana ce mai ma'ana, daga ranar kowa zai yi zuwa da dawowa, a haɗa a raba biyu. Aka yi hakan. Tazarar ta ragu, amma shi ne dai a gaba.

Sai na koma kan yatsan Malam.

"Malam, ina ganin idan ni ne kana saurin dannawa da fari, ka yi nawar dannawa a ƙarshe."

Ya dube ni, sannan ya cire agogon ya miƙo mini. "To kai ka auna nasa."

Na auna. Wallahi na so yatsana ya yi nauyi, amma jirgin ya wuce ta kaina kamar tsattsewa, kuma abin da agogo ya nuna ya fi na jiya kyau.

Wata rana wani dattijo ɗan Hisba ya biyo ta gonar a keke, don an gaya masa wai caca muke yi. Da ya tabbatar babu ko goro a tsakani, sai ya jingine kekensa ya zauna kallo. Nawa jirgin ya fara ɗauka, ya jinjina shi a tafin hannu.

"Yaro, wannan kaya ka ɗora masa ko fasinja?"

Daga nan ya ɗauki na taubashina ya ce, "Masha Allah." Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai.

Na cire tayoyin, na kankare fentin, na ƙara ƙera wani siriri. Na lura taubashina yana shafa wa danƙonsa man kaɗe don ya ƙara ɗaukar murɗi, ni ma na shafa. Na lura da safe jirgi ya fi tsayuwa a iska, da rana kuma zafin ƙasa yana ɗaga shi yana yawo da shi, sai na nace a riƙa yi da hantsi. Taubashina ya yarda da duk abin da na kawo, ko musu ba ya yi.

Ranar da na riga shi kuwa ta zo, daf da damina. Malam ya faɗi sakamako, na juya ina jiran in ga fuskar taubashina ta canza. Ya tafa mini, ya ce daga mako mai zuwa zai fara bin kawu kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ya gaji da wasan yara. Ya ɗora mini jirginsa a hannu ya tafi.

Na zauna a gindin kukar riƙe da jirage biyu. Malam ya ƙwala mini kira daga gawo, ko zan gwada na taubashin nawa. Na murɗa shi yadda na ga yana yi, na ɗaga hannu, na saki. Ya tashi ya karkace, ya faɗa cikin kunya tun bai kai rabi ba.

"Shi ba haka yake sakinsa ba," in ji Malam.

Na ce to yaya yake yi. Ya ce shi ma bai sani ba, agogo yake kallo.